Gyara kayanka: Tsokaci a kan cunkoson da ke saman fuskar kwamfuta

Masu iya magana sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Da wannan karin magana nake son in buɗe tsokacina na yau, domin abin da zan yi magana a kai ƙarami ne a ido, har wani zai iya cewa bai kai a ɓata masa tawada a shafi irin wannan ba. Batun kuwa shi ne 'yan layukan nan da ke saman manhajar da muke shiga intanet da ita, wato burauza, inda ake jera maɓallai da tambura iri-iri. Malamin jami'a da likita da lauya da ma'aikacin banki da ɗan jarida, kowannensu a yau yana shafe sa'o'i masu yawa idonsa na kan wannan manhaja. A cikinta yake karanta wasiƙu, a cikinta yake cike takardun aiki, a cikinta yake biyan kuɗin makarantar 'ya'yansa. Amma a cikin waɗanda nake hulɗa da su, ƙalilan ne suka taɓa tsayawa suka tambayi kansu: shin waɗannan abubuwa da ke jere a sama, wa ya ajiye su, kuma me suke tsinana mini?

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu raɗa wa abin suna, domin mu masu nazarin harshe mun yi imani da cewa abin da ba shi da suna a harshen mutum, da wuya ya iya sarrafa shi yadda ya kamata. Turawa sun kira wannan layi da sunan da ke nufin sandar da ake jera kayan aiki a kanta. Ni kuwa a ganina kalmar “kanta” ta fi dacewa, irin kantar da mai shago yake jera hajarsa a kai, don haka zan riƙa cewa kantar kayan aiki. A yawancin burauzoji, idan mai karatu ya duba daga sama zuwa ƙasa, zai ga layin shafukan da ya buɗe, sai layin adireshi tare da maɓallan komawa baya da ci gaba da sake loda shafi, sai kuma layin adireshin shafukan da ya adana don komawa gare su. A gefen dama akwai tamburan ƙananan manhajojin da ake goya wa burauza don su ƙara mata wani aiki, waɗanda zan kira manhajojin goyo. Duk abin da ke ƙasa da waɗannan shi ne shafin da mutum ya zo karantawa.

Yadda aka yi kantar ta cika

A shekarar 1990 ne Tim Berners-Lee ya rubuta burauza ta farko a cibiyar binciken CERN da ke kusa da birnin Janiba a ƙasar Suwizalan. Sai dai wadda ta fara yaɗuwa a hannun jama'a ita ce Mosaic, wadda aka fitar a 1993 daga Jami'ar Ilinoyi ta Amurka. Netscape ta biyo baya a 1994, kamfanin Microsoft kuma ya fito da Internet Explorer a 1995. Waɗannan manhajoji na farko suna da manyan maɓallai, kuma a Netscape da Internet Explorer akan rubuta sunan maɓalli a ƙarƙashin hotonsa, saboda a lokacin kowa ɗan koyo ne, yana buƙatar a nuna masa hanya.

Cunkoso na gaskiya ya fara ne lokacin da wasu kamfanoni suka soma ƙera nasu kantocin don a liƙa a ƙarƙashin na asali. Google ya fitar da tasa a watan Disamba na shekarar 2000, Yahoo ma yana da tasa, haka nan wasu da dama. Adalci ne a faɗi cewa a farkon lamari suna da amfani. Internet Explorer 6 da ta fito a 2001 ba ta da akwatin bincike a samanta, kuma ba ta iya tare tallace-tallacen nan masu faɗowa kan fuska ba sallama sai da aka yi mata kwaskwarima a 2004. Kantar Google ta toshe waɗannan giɓi, shi ya sa mutane suka rungume ta hannu bibbiyu.

Amma fa ruwa ba ya tsami banza. Duk wanda ya mallaki akwatin da mutum ke rubuta abin da yake nema a intanet, shi ne zai kwashi kuɗin tallan da ke biyo bayan binciken. Domin mai karatu ya gane darajar wannan ɗan fili, a shari'ar da gwamnatin Amurka ta yi da Google, an bayyana a 2023 cewa a shekarar 2021 kaɗai kamfanin ya biya dala biliyan 26.3 ga masu ƙera wayoyi da burauzoji da kamfanonin sadarwa, don dai injin bincikensa ya zama shi ne zaɓin farko a cikin kayansu. Irin wannan riba ce, tun tana ƙarama, ta sa aka shiga cusa wa mutane kantoci ta bayan gida. Mutum zai sauko da wata manhaja ta kyauta, yana ta danna “ci gaba” ba tare da karanta abin da ke rubuce ba, ashe an riga an sa alamar amincewa a wani ɗan akwati a madadinsa. Shekaru da dama kantar Ask tana zuwa a goye da manhajar Java ta wannan hanya, har a 2015 Microsoft ya sa tsofaffin nau'o'inta cikin jerin manhajojin da na'urar tsaronsa ke cirewa. Akwai kuma irin su Babylon da Conduit, waɗanda suka yi ƙaurin suna wajen sauya wa mutum shafinsa na farko da injin bincikensa.

Duk wanda ya yi zamani da shagunan shiga intanet na Kano ko Zariya ko Kaduna a farkon shekarun 2000, bayan zuwan wayar GSM a 2001, ya san abin da nake faɗa. Kwamfuta ɗaya mutane da yawa ke hawa a rana, kowa ya sauko da abin da ya ga dama ya tafi, sai ka tarar da kanta huɗu ko biyar a jibge, wata kan wata. Bari mu yi ɗan lissafi. Fuskar kwamfutocin wancan lokaci galibi tana da ɗigo 1024 a faɗi, 768 a tsayi. Idan muka ƙaddara kowace kanta ta ci ɗigo 30, to biyar sun cinye 150 ke nan, kusan kashi ɗaya cikin biyar na tsayin fuskar, ban da abin da kantocin asali suka riga suka ɗauka. Ga shi kuma mutum da awa yake biyan kuɗi, layin sadarwa na tafiyar hawainiya, kowace kanta kuma tana jan nata rabon daga cikinsa.

Sauyin ya fara ne da fitowar Firefox a watan Nuwamba na 2004, wadda ta zo da akwatin bincike da maganin tallace-tallace masu faɗowa da damar buɗe shafuka da yawa a taga ɗaya, duk a jikinta. Internet Explorer 7 ta bi sahu a 2006. Sai kuma a watan Satumba na 2008 Google ya fito da Chrome, wadda ta haɗe akwatin adireshi da na bincike suka zama ɗaya, ta kuma tattara umarnoni da yawa ta ɓoye a bayan maɓalli. Akwai wani abin sha'awa a sunan ga mai nazarin harshe. A bakin masu ƙera manhaja, kalmar tana nufin duk ƙyale-ƙyalen da ke kewaye da shafi, wato kantoci da maɓallai da iyakoki, an kuma aro ta ne daga ƙarfen nan mai walƙiya da ake yi wa motoci ado da shi. Ke nan an raɗa wa manhajar sunan abin da aka ƙera ta don ta rage. Daga ƙarshe Google ya janye kantarsa a Disamba 2021, Microsoft kuma ya yi wa Internet Explorer ritaya ranar 15 ga Yuni, 2022.

Cunkoson ya sake riga

Wani zai ce to ai magana ta ƙare, tunda waɗancan kantoci sun zama tarihi. Ko kusa. Cunkoson ya dawo da sabuwar kama. Manhajojin goyo sun maye gurbin tsofaffin kantoci: wannan na fassara, wancan na gyaran nahawun Ingilishi, wani na sauko da bidiyo, wani na neman rangwamen farashi, kowanne da tambarinsa a gefen layin adireshi. Su kansu masu burauzojin sun koma ƙara kaya. Tun daga 2023 Microsoft ya dasa maɓallin mataimakinsa na ƙirƙirarriyar basira a saman Edge, wasu ma sun bi bayansa da irin nasu, ga kuma kantocin gefe da labarai da tallace-tallace a kan kowane sabon shafi da aka buɗe.

A ɗaya ɓangaren, siffar fuskar kwamfuta ta sauya ta hanyar da ba ta taimaki mai karatu ba. Kwamfutocin tafi-da-gidanka masu sauƙin kuɗi da suka cika ofisoshinmu da jami'o'inmu, da yawansu suna da ɗigo 1366 a faɗi, 768 a tsayi. An ƙara faɗi da ɗigo 342 saboda kallon fim, tsayi kuwa yana nan inda yake. Rubutu kuma daga sama zuwa ƙasa yake gangarowa. Saboda haka duk layin da aka ƙara a sama, daga filin karatu kai tsaye aka yanke shi, alhali gefen hagu da na dama na yawancin shafuka fili ne fetal ba kowa.

Abin da ilimin harshe ya koya mana

A nan ne nake ganin fannina yana da abin cewa. Wani masanin harshe Ba'amurke na Jami'ar Habad, George Kingsley Zipf, wanda ya rasu a 1950, ya lura da cewa idan aka ƙirga kalmomin wani dogon rubutu, kalmar da ta fi yawan fitowa takan ninka ta biyu kusan sau biyu, ta ninka ta uku kusan sau uku, haka abin ke ta gangarawa. Ma'ana, 'yan kalmomi ƙalilan ne ke ɗauke da yawancin nauyin magana, sauran dubbai kuwa jefi-jefi ake taɓo su. Ya kuma lura cewa kalmomin da aka fi amfani da su sun fi gajarta. Mai karatu ya duba wannan shafi da ke hannunsa, zai ga “da” da “a” da “ya” da “na” da “ta” sun mamaye ko'ina, duk kuwa gaɓa ɗai-ɗai ne. Harshe da kansa ya kawo abin da ake yawan buƙata kusa da baki, ya bar wanda ba a cika nema ba a can nesa.

A ganina haka ya kamata kantar kayan aiki ta kasance. Idan mutum ya sa wa kansa ido na mako guda, zai tarar cewa abubuwa huɗu ko biyar ne yake taɓawa kullum: layin adireshi, komawa baya, buɗe sabon shafi, sake lodawa, wataƙila da manhajar goyo guda ɗaya. Sauran kuwa sai a yi wata ba a waiwaye su ba. Wanzami ya san wannan hikima tun kafin a ƙera kwamfuta. Askar da zai yi aiki da ita tana bakin zabira inda hannu zai kai ba tare da ido ya duba ba, ƙaho da sauran kayan da ba kullum ake nema ba suna can ciki. Abin da yawancinmu muka yi wa burauzarmu ya fi kama da jeren ɗakin amarya, inda ake jera kwanuka har rufi don ado, alhali da 'yan kaɗan ake cin abinci.

Masana halayyar ɗan Adam ma sun auna wannan lamari. A 1952 wani Bature ɗan Ingila, William Hick, da kuma Ray Hyman na Amurka a 1953, sun nuna cewa lokacin da mutum ke ɗauka kafin ya zaɓi abu yana ƙaruwa gwargwadon yawan abubuwan da aka jera masa. Ƙarin ba ya kai daƙiƙa ɗaya a kowane zaɓi, amma ga wanda ke ɗaga ido zuwa saman fuska sau ɗaruruwa a yini, ƙananan asarori ne da ke taruwa. Mafi muni shi ne tamburan da ke ƙyaftawa ko suke nuna jar lamba don sanar da sabon saƙo. Herbert Simon, wanda ya ci kyautar Nobel a fannin tattalin arziki a 1978, ya yi gargaɗi tun a 1971 cewa yalwar bayanai tana haifar da ƙarancin natsuwa, domin natsuwar mai karɓa ita ce abincin da bayanai ke ci. Malamin da ke duba kundin ɗalibi, ko akawun da ke daidaita lissafi, in jar lamba ta ɗauke masa hankali, sai ya sake komawa farkon sakin layi kafin ya kamo zaren inda ya tsaya. Taura biyu ba ta taunuwa.

Sai kuma batun su kansu tamburan. Masanin falsafa Charles Sanders Peirce, wanda ya rasu a 1914, ya raba alamomi gida uku: akwai wadda ke kama da abin da take nufi, kamar hoto, akwai wadda ke nuni gare shi, kamar yadda hayaƙi ke nuna wuta, akwai kuma wadda al'ada ce kawai ta ba ta ma'ana, kamar kalmomin harshe. Masu ƙera manhaja suna ɗauka cewa tamburansu na gida na farko ne, kowa ya gani zai gane. A zahiri yawancinsu na gida na uku ne, sai an koya. Me ya haɗa tauraro da adana adireshi? Me ya haɗa layuka uku a kwance, waɗanda Norm Cox ya zana wa kwamfutar Xerox Star da ta fito a 1981, da jerin umarni? Hatta hoton kwaɗon da aka daɗe ana gani a gefen adireshi, binciken da Google ya yi a 2021 ya nuna kashi 11 cikin ɗari ne kawai na waɗanda aka tambaya suka fahimci ainihin ma'anarsa. Mutane sun ɗauka yana nufin shafin amintacce ne, alhali abin da yake nufi kawai shi ne an rufe hanyar da bayanai ke bi tsakanin kwamfuta da shafin, wanda kuma ko shafin ɗan damfara zai iya samun haka. Wannan ya sa aka sauya tambarin a Chrome a 2023. To, idan tambarin da ya shekara da shekaru a gaban kowa ya gagari fahimta, ina ga guda goma sha biyar da mutum bai san ranar da suka shigo ba?

Akwai abin da ya fi ɓata lokaci nauyi. Da yawa daga cikin manhajojin goyo suna neman izinin karantawa da sauya duk abin da ke cikin shafukan da mutum ya ziyarta, mu kuma mukan ba su ba tare da tunani ba. Wannan izini ya haɗa da shafin banki da akwatin wasiƙu da shafin da malami ke shigar da sakamakon jarrabawar ɗalibai. A watan Fabrairu na 2020, Google ya cire manhajojin goyo sama da 500 daga rumbunsa, bayan wata mai bincike, Jamila Kaya, tare da kamfanin Duo Security sun gano wani gungu da ke kwasar bayanan mutane yana kuma tura su shafukan talla na yaudara. A Fabrairu 2021 ma an cire wata shahararriya mai suna The Great Suspender, wadda ta yi shekaru tana aiki lafiya kafin mai ita ya sayar da ita, sabon mai ita kuma ya cusa mata abin da bai dace ba. Darasin a nan shi ne manhajar da take da aminci bara tana iya sauya hali bana, alhali tambarinta bai sauya ba.

Yadda ake gyaran

Matakin farko shi ne ƙidaya. Mai amfani da Chrome ya rubuta chrome://extensions a layin adireshi, mai Edge ya rubuta edge://extensions, mai Firefox kuma about:addons. Jerin duk manhajojin goyon da ke cikin burauzar zai bayyana. A yi wa kowace tambaya biyu: ni na sa ki? Yaushe rabon da in yi aiki da ke? Wadda ba a san asalinta ba, ko aka yi watanni ba a taɓa ta ba, a cire ta gaba ɗaya. Ina jaddada cirewa, domin ɓoye tambari daga kanta ba ya hana manhajar ci gaba da aiki a bayan fage. Da yawa ma aikinsu ya riga ya shiga jikin burauza. Alal misali Chrome da Edge suna fassara shafi da kansu, kuma tun Disamba 2013 Hausa ta shiga jerin harsunan da Google ke fassarawa.

Mataki na biyu shi ne jere. Waɗanda suka tsira daga tankaɗe, a bar ɗaya ko biyu da ake amfani da su kullum a fili, sauran a mayar da su bayan tambarin da ke tattara manhajojin goyo, ta hanyar danna ɓangaren dama na linzami a kan kowanne a zaɓi cire shi daga kanta. A Firefox, idan aka danna ɓangaren dama a kan kantar aka zaɓi umarnin da aka rubuta “Customize Toolbar”, za a iya jan kowane maɓalli da linzami a fitar da shi, ko a sauya masa wuri, ko a jefa shi cikin ma'ajiyar da ke gefe. Akwai kuma maɓallin mayar da komai yadda yake tun asali idan gyaran bai yi daɗi ba. Safari ta kwamfutocin Apple tana da irin wannan tsari. A Edge kuwa, cikin saituna, sashen da ya shafi kamannin burauza ne ke ɗauke da makunnan nuna maɓallai ko ɓoye su.

Mataki na uku ya shafi layin ajiyayyun adireshi. Danna Ctrl da Shift da B a tare yana ɓoye shi ko ya dawo da shi a Chrome da Edge da Firefox, kuma Firefox tana ba da damar a ce ya riƙa fitowa a kan sabon shafi kawai. Wanda ke son ya bar shi a fili, ya tattara adireshin cikin jakunkuna uku ko huɗu, kamar ta aiki da ta labarai da ta banki, ya kuma gajarta sunayensu zuwa kalma ɗaya. Wanda ke buɗe shafuka da yawa a lokaci guda zai amfana da mayar da layinsu gefen hagu a tsaye, damar da Edge ta kawo a 2021, Firefox kuma a 2025, domin hakan na amfani da faɗin da ke zaune a banza ya bar tsayi ga rubutu.

Mataki na ƙarshe shi ne haddar 'yan gajerun hanyoyi a allon rubutu, waɗanda su ne tamkar gajerun kalmomin nan na Zipf. Ctrl da L na kai mutum layin adireshi, Ctrl da T na buɗe sabon shafi, Ctrl da W na rufe shi, Ctrl da Shift da T na dawo da wanda aka rufe bisa kuskure, Ctrl da D na adana adireshi, Ctrl da H na nuna tarihin shafukan da aka ziyarta. Wanda ya san waɗannan shida ba ya buƙatar maɓallansu a kanta. Idan kuma dogon karatu za a yi, F11 a Windows na kawar da kantocin duka har sai an sake danna shi.

Kada garin neman gira a rasa ido

Akwai masu ganin cewa wannan rage-rage na da nasa illar, kuma ba su yi ƙarya ba. Abin da aka ɓoye, ɗan koyo ba zai san yana nan ba. Dattijon da ya saba ganin hoton gida ya danna ya koma shafinsa na farko, ranar da aka cire masa shi, an ɗaure masa hannu. Don haka gyaran da ya dace da ƙwararre daban, wanda ya dace da kwamfutar ɗakin karatu ko ta ofis da mutane da yawa ke hawa daban. A irin wannan kwamfuta, a cire manhajojin goyo da ba su da dalili, a bar maɓallan asali a inda kowa ya san su.

Abu ɗaya kuma da bai kamata a rabu da shi ba shi ne layin adireshi. Shi ne kaɗai wurin da mutum zai tabbatar da cewa shafin da ke gabansa na bankinsa ne na gaskiya, ko na hukumar da yake neman aiki ko gurbin karatu a wurinta. 'Yan damfara suna iya kwaikwayon launi da tambari da rubutun kowane shafi, amma ba za su iya mallakar ainihin adireshinsa ba, sai dai su kawo mai kama da shi da bambancin harafi ɗaya ko biyu. Saboda haka kada a shigar da kalmar sirri ko lambar katin banki alhali an cika fuska da F11, kuma duk shafin da ya cika fuska da kansa ba a umarce shi ba, a danna Esc a fita a duba adireshinsa da kyau.

A wayar hannu, inda yawancin mutanenmu ke shiga intanet, ƙanƙantar fuska ta riga ta tilasta wa masu ƙira yin tsimi. Abin da ya rage ga mai waya shi ne ya kashe labarai da tallan da ke cika sabon shafi, ya kuma zaɓi inda layin adireshi zai zauna. Apple ya saukar da shi ƙasan fuska a 2021 don ya zo kusa da babban yatsa, da aka yi ƙorafi kuma ya bar wa kowa zaɓin mayar da shi sama.

Kirana a nan ga jami'o'inmu da kwalejojinmu shi ne, darasin kwamfuta da ake koya wa kowane ɗalibi a shekarun farko ya wuce haddar sassan na'ura, a keɓe ko da awa ɗaya ce a nuna wa ɗalibi yadda zai buɗe jerin manhajojin goyo, ya karanta izinin da suke nema, ya kuma karanta adireshi. Shugabannin ofisoshi su sa a riƙa duba kwamfutocin ma'aikata lokaci-lokaci, musamman waɗanda ake taɓa kuɗi ko bayanan jama'a da su. Mu kuma malaman Hausa da 'yan jarida, nauyi ne a kanmu mu zauna mu daidaita sunayen waɗannan abubuwa, domin uban da zai gargaɗi ɗansa, ko ɗan da zai koya wa mahaifiyarsa, da Hausa zai yi. Na kawo “kanta” da “manhajar goyo” a matsayin shawara, wanda ke da waɗanda suka fi su, shafin nan a buɗe yake. Shi kuwa mai karatu, aikin da ke gabansa bai wuce na minti goma sha biyar ba, kuma ba ya buƙatar ko sisi. Allah Ya sa mu dace.